Nikola Tesla Da Naɗin Wayarsa Mai Aman Walƙiya

An haifi Nikola Tesla a shekarar 1856, a wani ƙauye da a ke kira Smiljan, cikin ƙasar da a yau a ke ce da ita Kuroshiya. Ya ƙaura zuwa Amurka a 1884, ya ɗan yi aiki a ƙarƙashin Edison, sa'an nan suka rabu. A 1891 ne ya ƙago abin da har yanzu a ke kira da sunansa, watau naɗin Tesla.

Shi wannan abu naɗi biyu ne na wayar jan ƙarfe. Na farko kakkaura ne, zagayensa kaɗan. Na biyu siriri ne, an naɗa shi sau ɗaruruwa a jikin dogon bututu. Asirinsa kuwa irin na shillo ne. Kowa ya san in yaro na kan shillo, ba ƙarfin turi ne ke kai shi sama ba, a'a, tura shi daidai lokacin da ya juya. Haka lantarki ke kai da komowa cikin siririn naɗin nan, sau dubu ɗari ko fiye a daƙiƙa guda. In kakkauran ya riƙa tura shi a kan kari, sai ƙarfin ya yi ta hauhawa har ya tsage iska, ya fito kamar walƙiya.

To, wa zai yi turin nan? Nan fa wahalar ta ke. A zamanin Tesla babu makunnin da ke da wannan sauri. Dabararsa ita ce ya tara lantarki cikin ma'aji, ya bar 'yar rata tsakanin ƙarafa biyu. In ma'ajin ya cika, sai tartsatsi ya tsallake ratar, ya juye wutar gaba ɗaya cikin naɗin. Abin na aiki, amma da ƙara mai kashe kunne, ga zafi, ga asarar wuta.

Da irin wannan ya yi gwajinsa a Kolorado a 1899. A 1901 attajirin nan J. P. Morgan ya ba shi dala 150,000, ya soma gina hasumiya kusa da Niyok, da nufin aika saƙo, har ma da wutar lantarki, ba tare da waya ba. A watan Disamba na shekarar nan Marconi ya riga shi aika saƙo ƙetaren Tekun Atlantika. Morgan ya ƙi ƙara ko anini. Aka rushe hasumiyar a 1917, shi kuwa Tesla ya rasu a ɗakin otal a 1943, hannunsa babu komai.

Shekara huɗu bayan rasuwarsa, a 1947, masana uku a Amurka suka ƙago taransista, makunni marar motsi marar tartsatsi. An daɗe kafin a sami masu jure wuta mai yawa, amma da aka samu, sai suka maye gurbin ratar nan a naɗe-naɗe da dama. Naɗin da kansa ke sanad da su lokacin turi, ta wata 'yar waya mai sauraren kai da komowarsa. Sai dai taransista ba shi da haƙurin tartsatsi: in lokaci ya kuskure, ko wuta ta yi yawa, nan take ya ƙone. Saboda haka a kan ba da wutar guntu-guntu, da hutu a tsakani. In aka maimaita guntayen nan sau 440 a daƙiƙa, sai walƙiyar ta fid da amo guda. In aka sauya yawansu, amon ya sauya, har a ji tana rera waƙa.