Kare gine-gine daga tsawa a wasan Minecraft

Kare gine-gine daga tsawa a wasan Minecraft ya ƙunshi hanyoyin da 'yan wasa ke bi don hana tsawa cinna wuta a gidaje, gonaki da sauran abubuwan da suka gina da kayan da ke iya ƙonewa, kamar katako, ulu da ganye. Minecraft wasan bidiyo ne da ake gini a cikinsa da bulo masu siffar akwati. Ɗan ƙasar Suwidin, Markus Persson, ne ya ƙirƙire shi, ya fara sakin sa a watan Mayun 2009, cikakken wasan kuma ya fito ranar 18 ga Nuwamba, 2011 a ƙarƙashin kamfanin Mojang, wanda Microsoft ya saya a 2014. Tun daga shekarar 2021, babbar hanyar kariya ita ce sandar kare tsawa, wadda ake ƙerawa da jan ƙarfe. Al'amarin yana da muhimmanci ga masu buga salon neman tsira, domin bulon da wuta ta cinye ba ya dawowa, kuma ginin da aka kwashe makonni ana yi yana iya lalacewa a hadari guda.

Yadda tsawa ke faɗuwa a wasan

An saka tsarin yanayi na ruwan sama da tsawa a sigar Beta 1.5 a watan Afrilun 2011. Yanayin wasan iri uku ne: sarari, ruwan sama, da hadari mai tsawa. Tsawa tana faɗuwa da kanta ne a nau'i na uku kawai, kuma a duniyar sama kaɗai, saboda babu yanayi a duniyoyin Nether da End.

An raba duniyar wasan zuwa yankuna masu faɗin bulo 16 da tsawon bulo 16. A bugun Java, agogon wasan yana bugawa sau 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma a kowane bugu lokacin hadari, kowane yanki da ke kusa da ɗan wasa yana da damar ɗaya cikin 100,000 ta samun tsawa. Idan ƙuri'a ta faɗa kan wani yanki, wasan yana zaɓar wuri ɗaya a cikinsa, ya nemi bulon da ya fi tsayi a wurin. Idan akwai dabba, ɗan wasa ko wata halitta a fili kusa da wurin, tsawar tana iya karkata zuwa gare ta. Wannan ne ya sa garken dabbobi da ke manne da gidan katako yake ƙara masa haɗari.

A bugun Java tsawa ba ta faɗuwa sai inda ruwan sama ke sauka. Don haka hamada, savana da wuraren da ƙanƙara ke zuba maimakon ruwa ba sa fuskantar ta. Haka kuma yankunan da ba a loda su ba a tsaye suke cak, ba abin da ke faruwa a cikinsu. Gini yana ƙonewa ne lokacin da wani ɗan wasa yake kusa, sau da yawa yana ƙarƙashin ƙasa yana haƙar ma'adinai, bai san abin da ke gudana a sama ba.

Illar tsawa

Tsawa tana rage wa abin da ta sama maki 5 na lafiya, wato zuciya biyu da rabi, sannan ta cinna masa wuta. Tana kuma sauya wasu halittu. Alade yana komawa piglin mai kamar gawa, ɗan ƙauye yana komawa mayya, creeper yana samun caji wanda ke ƙara ƙarfin fashewarsa, jar saniyar mooshroom kuma tana komawa ruwan ƙasa. Asarar ɗan ƙauye tana da zafi ga 'yan wasa, domin kasuwancin da aka ɓata lokaci ana haɓakawa da shi yana tafiya baki ɗaya, kuma ba a iya mayar da mayya ɗan ƙauye.

Game da gine-gine, illar ita ce wuta. Tsawa tana ajiye wuta a inda ta sauka, kuma a matakin wahala na tsaka-tsaki da mai tsanani tana ƙara tayar da wasu a bulon da ke kewaye da wurin. Ruwan sama yakan kashe wutar da ke fili cikin ɗan lokaci, amma kafin ta mutu tana iya cinye wani bulo ko ta kama ƙarƙashin rufi, inda ruwa ba ya kaiwa. Da zarar ta shiga ciki, sai ta ci gaba da yaɗuwa. Wuta tana tsallakawa bulo ɗaya a gefe, ɗaya a ƙasa, da har bulo huɗu a sama, shi ya sa dogayen gine-gine da bishiyoyi suke saurin kamawa.

Kayan da ke ƙonewa da waɗanda ba sa ƙonewa

Wasan ya ba kowane bulo mai ƙonewa lambobi biyu: ɗaya na saurin kama wuta, ɗaya na saurin cinyewa. Ulu da ganye suna da 30 da 60, wato suna kamawa da wuri kuma suna ƙarewa da wuri. Allunan katako suna da 5 da 20, gungumen itace kuma 5 da 5, don haka ya fi daɗewa yana ci. Damin ciyawa da kafet suna cikin waɗanda suka fi saurin kamawa, da lamba 60. Kantar littattafai, gora, bulon gawayin kwal da amya su ma suna ƙonewa. Idan wuta ta taɓa nakiyar TNT, tana tayar da ita ta fashe.

Dutse da ire-irensa, jan bulo, gilashi, kankare, gasasshen yumɓu da bulon ƙarfe ba sa ƙonewa. Sabuntawar Nether ta watan Yunin 2020, wato siga ta 1.16, ta kawo katako iri biyu da wuta ba ta ci, ja mai duhu da shuɗi-kore, waɗanda ake samu a dazuzzukan Nether. Akwatin ajiya da teburin ƙira ba sa cinyewa duk da cewa da katako ake yin su, amma kayan da suka zube a ƙasa suna ƙonewa idan wuta ta same su.

Sandar kare tsawa

An fara nuna sandar a taron Minecraft Live na watan Oktoban 2020, ta kuma shigo wasan ranar 8 ga Yuni, 2021 a kashi na farko na sabuntawar Caves & Cliffs, siga ta 1.17, tare da jan ƙarfe. Ana ƙera ta ne ta hanyar jera curin jan ƙarfe uku a tsaye a kan teburin ƙira. Ana samun jan ƙarfen ta haƙo dutsensa da digar dutse ko wadda ta fi ta, sannan a narka shi a tanderu. Tun daga siga ta 1.18, dutsen ya fi yawa a wajen tsayi na 48, kuma yana da yawa a kogunan da duwatsu masu tsini ke rataye. Ita ma sandar, idan za a cire ta a sake amfani da ita, sai da digar dutse ko wadda ta fi ta.

Aikin sandar shi ne janyo tsawar da za ta faɗa a kewayenta zuwa kanta. A bugun Java tana ɗaukar duk tsawar da ke cikin tazarar bulo 128, a bugun Bedrock kuma bulo 64. Ana auna tazarar ta kowace fuska, har da sama da ƙasa, don haka sandar da aka kafa can ƙololuwar hasumiya tana rage faɗin filin da take karewa a ƙasa. Idan akwai sanduna da yawa, wadda ta fi kusa da inda tsawar ta nufa ce ke karɓar ta. A bugun Java dole sandar ta zama bulo na ƙarshe a samanta; idan aka ɗora mata wani abu, ko da gilashi ne, ba za ta yi aiki ba.

Idan tsawa ta same ta, sandar tana fitar da siginar redstone mai cikakken ƙarfi, wato 15, na ɗan gajeren lokaci. 'Yan wasa suna amfani da wannan wajen kaɗa ƙararrawa, kunna fitilu ko rufe ƙofofi lokacin hadari. Tsawar tana kuma kankare tsatsar kore daga jan ƙarfen da sandar ke kai da wanda ke kusa. A 2025, sabuntawar The Copper Age ta sa ita kanta sandar tana canza launi da daɗewa kamar sauran kayan jan ƙarfe, kuma ana iya shafa mata kakin zuma don ta tsaya a launin da ake so.

Inda ya dace a kafa ta

Kuskuren da aka fi yi shi ne dasa sandar kai tsaye a kan rufin katako. Sandar tana sauya inda tsawa ke sauka ne, ba ta hana ta tayar da wuta ba. A bugun Java wutar tana iya tashi a gurabun da ke kewaye da kan sandar, bulo ɗaya ta kowace fuska, matuƙar akwai abin da za ta zauna a kai ko abin ƙonewa a gefenta. Sandar da ke kan rufin katako tana tara tsawar yankin gaba ɗaya a wurin da ya fi rauni.

Maganin wannan hanyoyi biyu ne. Na farko, a ɗaga sandar a kan ginshiƙin dutse ko jan bulo mai tsayin bulo biyu ko uku, yadda babu abin ƙonewa kusa da kanta. Masu gini da yawa suna ɓoye ginshiƙin a siffar bututun hayaƙi ko tsinin hasumiya. Na biyu, a kafa ta nesa da ginin gaba ɗaya, a kan tudun dutse ko tsakiyar ruwa, tunda tazarar da take karewa tana da faɗi. Ana so wurin ya kasance nesa da ƙauye, garken dabbobi da hanyar da ake yawan bi, saboda tsawar da ta sauka a kan sandar tana iya cutar da duk halittar da ke tsaye kusa. Babban gari ko gidan gona mai faɗi yana buƙatar sanduna da dama, a jera su yadda kewayen kowace zai haɗu da na maƙwabciyarta.

A bugun Java sandar tana janyo tsawar da yanayi ya haifar ne kawai. Tsawar da aka kira da umarnin kwamfuta, ko wadda mashi mai baki uku mai sihirin Channeling ya saukar a kan wata halitta, tana faɗuwa inda aka nufa. Jifan sandar da irin wannan mashin lokacin hadari kuwa yana saukar da tsawa a kanta. Bugun Java yana da lambar yabo mai suna Surge Protector, wadda ake samu idan tsawa ta faɗa kusa da ɗan ƙauye ba tare da ta cinna wuta ba.

Sauran hanyoyi

Kafin 2021, 'yan wasa sun dogara ne da tsarin gini. Tunda tsawa tana sauka a bulon da ya fi tsayi, rufin dutse ko na jan bulo yana kare katakon da ke ƙarƙashinsa idan ya lulluɓe shi sosai. Wasu kan shimfiɗa rumfar gilashi can sama da ginin. Ana kuma sare bishiyoyin da ke manne da gida, a bar fili ko layin dutse tsakanin gine-gine don kada wuta ta tsallaka. Waɗannan dabaru suna da amfani har yanzu, musamman a farkon wasa kafin a samu jan ƙarfe.

Kwanciya a gado ita ce hanya mafi sauƙi ta kawar da hadari. Wasan yana barin ɗan wasa ya yi barci lokacin hadari mai tsawa ko da rana ce, kuma idan ya farka sama ta washe. A sabar da mutane da yawa ke wasa, wannan yana buƙatar adadin 'yan wasan da aka ƙayyade su kwanta tare. Masu ikon ba da umarni suna iya share yanayi nan take, su tsayar da sauyawarsa, ko su hana wuta yaɗuwa ta ƙa'idar da aka daɗe da sani da doFireTick. Idan wuta ta riga ta kama, ana kashe ta da duka da hannu ko da bokitin ruwa, sannan a karya bulon da ke gabanta don a datse mata hanya.

Alaƙa da sandar gaske

An ɗauko tunanin ne daga sandar kare tsawa ta zahiri, wadda ake danganta ƙirƙirarta ga Benjamin Franklin na Amurka a wajen shekarun 1750. Ita ma ta zahiri ana yawan yin ta da jan ƙarfe saboda yadda lantarki ke bin sa cikin sauƙi. Sai dai akwai bambanci: sandar gaske ba ta da amfani sai an haɗa ta da waya mai kauri da ke kai lantarkin cikin ƙasa, kuma filin da take karewa bai wuce kewayen ginin ba. Ta wasan ba ta buƙatar waya ko haɗi da ƙasa, kuma sanda guda tana iya kare ƙauye sukutum.