Daga Filasko Zuwa Ruwan Gishiri Da Sukari: Tarihin Jinyar Ciwon Ciki A Ƙasarmu

Duk wanda aka yanke wa cibiya a Tambuwal ko Kebbe, ko da ya shekara talatin yana aiki a Abuja ko Kaduna ko Legas, ya san irin saƙon da kan iso daga gida idan damina ta yi tsakiya: wane ya kwanta da amai da zawo, an ɗauke shi zuwa asibiti. Wani lokaci saƙo na biyu kan biyo baya kafin gari ya waye. Tun da masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, bari mu waiwaya mu ga yadda jinyar wannan ciwo ta faro, da inda ta iso a yau.

Kakanninmu ba su zauna cikin duhun kai game da ciwon ciki ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ɗan'uwan Muhammadu Buhari ɗan Shehu da ya riƙe Tambuwal, ya wallafa littattafan magani da Larabci. Daga ciki akwai wanda ya keɓe wa cutar basir, akwai kuma na amfanin filasko, ganyen da ake sha don wanke ciki. A cikin gidaje kuwa, iyaye mata ne masu jinya, suna jiƙa sabara ko bagaruwa ga mai zawo. Hikimar wancan zamani ta tsaya kan abu biyu: a wanke ciki idan ya cushe, a ɗaure shi idan ya ɓaci.

Turawan lokacin ma ba su fi mu sani ba. A watan Afrilun 1827 Bature matafiyi Hugh Clapperton ya mutu a Sakkwato bayan doguwar jinyar atuni, yaronsa Richard Lander na kansa yana kula da shi, akwatin maganinsu bai tsinana masa komai ba. Abin da ya ɓuya ga kowa shi ne, mafi yawan waɗanda zawo ke kashewa, ƙarewar ruwa da gishirin jiki ce ke ƙarasa su.

Kwalara ce ta koya wa duniya wannan darasi da ƙarfin tsiya. Annobar da ta tashi daga Indunusiya a 1961 ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarar. A 1971 an ƙidaya mutum 22,931 da suka kamu, 2,945 suka rasu. A 1991 ta dawo da muni, ta kama 59,478, ta yi ajalin 7,654. Babban mutum da ta kama sosai yana iya zubar da ruwa lita guda cikin awa ɗaya. A da, ƙarin ruwa ta jijiya kaɗai ke ceto, shi kuwa sai a asibiti, sai da ma'aikacin da ya iya neman jijiya. Mutumin Ungushi ko Girkau ko Kuchi ina zai ga wannan cikin dare, ga ruwa ya yanke hanya?

Mafita ta ɓullo daga inda ba a zata ba. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka dama gishiri da sukari cikin tsabtataccen ruwa, ya danƙa wa dangin marasa lafiya su riƙa ɗura musu. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Sirrin kuwa shi ne, sukari yana jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa ya bi bayansu, ko da zawon bai tsaya ba.

A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya tsaya tsayin daka sai da wannan ilimi ya shiga ƙauyuka. Da yawa daga cikinmu muna tuna awon da aka riƙa koyarwa a rediyo da ɗakunan shan magani: gishiri shafaffen cokalin shayi ɗaya, sukari ƙwaya biyar, ruwa kwalbar lemo biyu. A yau an fi son ƙunshin da aka auna tun daga kamfani, a dama shi daidai yadda aka rubuta a jikinsa, domin gishiri idan ya yi yawa shi ma illa ne.

A nan ne aikin malaman jinya ya fito fili, domin gwajin farko ba na'ura ke yin sa ba, ido ne da hannu. Malamar asibiti takan duba ko idanun yaro sun faɗa, ta tsunguli fatar cikinsa ta ga ko za ta koma da sauri, ta tambayi yaushe rabonsa da fitsari, ta ba shi ruwa ta ga ko zai iya sha. Daga nan take sanin wanda cokali zai wadatar da wanda sai an yi masa ƙarin ruwa nan take. Bayan haka ne ake kai bahaya ɗakin gwaji, a nemi ƙwayar kwalara ko ta atuni ko ƙwan tsutsar ciki. Su ne kuma suka sha fama da mu kafin mu yarda cewa faɗawar maɗigar jariri alamar bushewar jiki ce, ruwa take nema ba shafe-shafe ba, kuma zawon da muke ɗora wa fitowar haƙori yana kisa kamar kowane zawo, sannan ba a janye wa yaro nono don cikinsa ya ɓaci.

An ci gaba da samun ƙari. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yara da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. A 2022 Nijeriya ta sa rigakafin rota, ƙwayar cutar da ke kan gaba wajen jawo wa jarirai zawo mai tsanani, cikin jerin rigakafin yara na kyauta.

Duk da haka, a 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙidaya mutum 111,062 da ake zaton sun kamu da kwalara, 3,604 suka rasu, Jihar Sakkwato kuma tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wato fiye da 3 cikin 100 ke nan, alhali idan jinya ta zo da wuri, waɗanda ke rasuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Wannan tazara ba ta rashin magani ba ce. Ta nisan hanya ce, da jinkirin fitowa daga gida, da rijiya marar murfi, da bahaya a fili wanda ruwan sama ke kwasowa zuwa inda muke ɗiba, da ɗakin shan maganin da ba mai kwana a cikinsa.

Mu da ke zaune a birane mun saba aika kuɗin magani bayan ciwo ya kwantar. Tarihin nan yana nuna mana cewa abin da ya fi ceton rai shi ne tsabtataccen ruwa da hannun da ya iya jinya a kusa. Yau ga kwalejin koyon aikin jinya a cikin garin Tambuwal. Ɗa ko ɗiyar Dogon Daji ko Jabo ko Margai da muka ɗauki nauyin karatunsu, suka koma gida suka zauna, su ne za a buga wa ƙofa da tsakar dare. Kafin damina ta kankama, mu tambayi mutanen gida ko akwai ƙunshin gishiri da sukari a ɗaki, kuma wa ya iya dama shi. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ƙara mana lafiya.