Aikin Gyaran Yoyon Fitsari na Babbar Ruga

Babbar Ruga asibiti ne da ke wajen birnin Katsina, wanda ya yi suna wajen yi wa mata aikin yoyon fitsari. Asalinsa asibitin kutare ne. Dakta Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan, ya zo don masu kuturta, amma a 1984 ya fara ɗinke matan da doguwar naƙuda ta raunata.

Ciwon na samuwa ne idan kan jariri ya tokare a ƙugu kwana da kwanaki. Naman da ke tsakanin mafitsara da farji ya mutu, ƙofa ta buɗe, fitsari ya dinga zuba dare da rana. Galibi jaririn ba ya rayuwa. Yawancin masu ciwon matan karkara ne matalauta, wasunsu ƙanana ƙwarai, kuma abin takaici, sau da yawa saki da ƙyama ke biyo baya.

Waaldijk ya nuna cewa idan raunin sabo ne, sanya robar fitsari nan take na tsawon makonni kan sa ƙaramar ƙofa ta rufe ba tare da tiyata ba. Ya horar da likitoci da nas-nas masu yawa, aikin ya kai cibiyar Laure a Asibitin Murtala na Kano, da Sakkwato, Zariya da Damagaram.

Yanzu Babbar Ruga cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya, kamar takwarorinta na Ningi da Abakaliki.