Ɗan Maraya da Mozat: Makaɗan da Suka Bar Ƙofar Fada

Ina yaro a garinmu Ruwan Godiya, cikin ƙasar Faskari, wani abokina ya sami gwangwanin kifi ya rufe shi da fata, ya ɗaura tsirkiya, wai shi zai zama Ɗan Maraya. Da mahaifinsa ya gani sai ya tattake abin, ya ce ba a roƙo a gidansu. Tun ran nan nake tambayar kaina, shin kowane makaɗi maroƙi ne? Don neman amsa zan kawo tarihin samari biyu waɗanda ƙasa da zamani suka raba, amma hanyarsu ta zo ɗaya.

Na farko shi ne Mozat, gwanin kiɗan fiyano, watau wani babban akwatin kiɗa na Turawa mai tsirkiyoyi da yawa a ciki, wanda ake dannawa da yatsu. An haife shi a Salzbag ta ƙasar Ostiriya a 1756. Ubansa makaɗin fada ne, shi ya koya masa, ya kuma shiga yawo da shi fadojin Turai tun yana ɗan shekara shida. Da ya girma sai ya kama aiki wurin sarkin garinsu, wanda kuma shi ne babban limamin coci. A nan matsayinsa na bara ne, har abinci tare da kukun gida yake ci. A 1781 suka ɓata, ya zauna birnin Biyana yana cin gashin kansa. Ya riƙa koyar da almajirai, yana shirya taron kiɗa inda mutane ke biyan kuɗi su saurara. A 1784 mutum 174 suka rubuta sunansu don halartar wasanninsa, kuma daga wannan shekara zuwa 1786 ya tsara manyan kiɗe-kiɗen fiyano goma sha biyu. Amma fa samu bai dore ba, ya rasu a 1791 yana da shekara 35, da bashi a kansa.

Na biyu namu ne, Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946. Shi ma ubansa makaɗin sarki ne, sai dai bai rayu ya koya masa ba, gama iyayensa duka sun rasu yana ƙarami, sarkin garin ne ya riƙe shi. A wata tafiya zuwa Maiduguri, tun bai balaga ba, ya ga masu kuntigi, ya haɗa nasa. Mai karatu ya lura da yadda kiɗan fada yake a ƙasar Hausa. Irin su Narambaɗa da Sa'idu Faru da Ɗanƙwairo suna da ubangida, da 'yan amshi, da mataimaka masu kiɗa. Ɗan Maraya kuwa ya tsaya shi kaɗai, da tsirkiya ɗaya tak, shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa. Maimakon ya wasa sarki sai ya wasa karen mota, yaron da ba wanda ya kula da shi a tasha. Sa'an nan ya juya ga zaman jama'a da waƙoƙi irin su Jawabin Aure, da Auren Dole, da Mai Akwai da Babu. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙa. Rediyo da faifai suka kai muryarsa ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015.

To, me muka koya? Makaɗin fada yana da tabbacin riga da doki da hatsi, amma bakinsa na ubangidansa ne. Wanda ya fita ya rasa wannan tabbaci, sai dai ya sami ikon zaɓen abin da zai faɗa, jama'a suka zama iyayen gidansa. Mozat ya biya kuɗin wannan 'yanci da bashi. Ɗan Maraya ya ci ribarsa, domin ya zo a zamanin rediyo.

Inda muka bambanta da Turawa shi ne wajen adanawa. Kiɗan Mozat a rubuce yake, yara na koyonsa a makarantu har gobe. Kiɗan kuntigi kuwa a yatsun mai shi yake, in ya tafi sai abin da faifai ya riƙe. Mu ɗaliban Hausa mun fi mai da hankali ga baitocin waƙa, mun bar hannun makaɗi ba nazari. Ina roƙon malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai mu nemi sauran masu kuntigi da gurmi da kukuma, mu rubuta yadda suke haɗa kayansu da yadda suke koyarwa. Abokin nan nawa yanzu dillancin hatsi yake yi, bai sāke taɓa tsirkiya ba. Allah ya sa na bayansa su fi shi sa'a, amin.