Wuƙar Daji a Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel ƙasar rairayi ce, ta jigawa da ƙaya, ruwanta na sama kaɗan ne, rijiyoyinta kuwa da zurfi. Daga Sule Tankarkar a yamma, zuwa Maigatari a arewa, da Gagarawa a kudu, a zamanin da tsakanin gari da gari daji ne, na aduwa da farar ƙaya da goruba. Wanda zai ratsa irin wannan daji ya kan manta da guzuri ya kai gari da yunwa, amma ba ya manta wuƙarsa.

Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel wajen shekarar 1750, suna kai gaisuwa Barno. Jihadi ya zo ya wuce bai ci su ba, sai suka zauna tsakanin maƙwabta masu ƙarfi, Kano da Haɗeja da Damagaram. A zamanin Sarki Ɗan Tanoma aka taso daga Tumbi aka zauna Gumel ta yanzu, kuma shi ne Baturen nan na Jamus, Dokta Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya tarar bisa gado a 1851, ya ga kasuwar garin cike da fataken kanwa. Yaƙi da Haɗeja bai kwanta ba sai da Sarki Abdullahi ya rasu a fagen fama a 1872, bayansa kuma harin Damagaram ya dami ƙauyuka. Mutumin da ya tashi cikin wannan hali, ko gona za shi ba ya fita hannu sake.

Wuƙar da aka fi so a wancan zamani ita ce wuƙar hannu. Ruwanta kamar taƙi guda ne ko ya ɗara kaɗan, baki biyu, da tsini. A jikin kubenta akwai zobe na fata, mutum ya zura hannunsa na hagu ciki, waɗansu a damtse, waɗansu ƙasa da gwiwar hannu, hannun riga ya rufe ta. In abu ya taso, hannun dama ya kai ga ƙota ya zaro kafin ƙiftawar ido. Ba ta hana hawan doki, ba ta hana jan baka, Mangawa kuwa mutanen baka da kibiya ne. Buzaye da Barebari da Tubawa duk suna ɗaura irinta, kowa da yadda ya ke yi wa ƙotar ado.

Amma fa wuƙar hannu ta faɗa ce, aikin daji ba ta iya shi sosai ba. Maharbi ya san haka. In ya harbi barewa ko gada, dole ya cim mata da sauran rai ya yanka, in ba haka ba ta zama mushe, wahalarsa ta tashi a banza. Sa'an nan ga fiɗa. Wuƙa mai baki biyu ba ta da bayan da za a ɗora yatsa a danna, tsininta kuma ya kan huda fata, ko ya fasa tumbi ya ɓata nama. Saboda haka maharba da makiyaya suka fi riƙon wuƙa mai baki ɗaya, mai kaurin baya, wadda cikinta ya ɗan tanƙwara. Ita a kan soke a ɗamara. Da ita a ke yanka, da ita a ke fiɗa, a feƙe kyauron kibiya, a yanko kaba don igiya, a ɓare sassaƙe don magani, a fid da ƙaya daga ƙafa. Sara kuwa ba aikinta ba ne, na gatari ne da barandami. Wanda ya sari kirya da wuƙarsa, shi ya so ya koma maƙera.

Dukansu biyu ƙirarsu ɗaya ce wajen abin da ya fi muhimmanci, watau ruwa da wutsiya ƙarfe guda ne. Maƙeri ya kan sa ƙarfen cikin gawayi, ya fi son na kirya don wutarsa ta fi zafi da daɗewa, yaro na zuga. In ya yi ja sai ya ɗauko da awartaki, ya aza bisa uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaɓa har ya baje, ya sirantar da baki, ya ja wutsiya. Sa'an nan ya ƙona wutsiyar ya cusa ta cikin ƙotar itace mai tauri, ta ci wa kanta hanya ta zauna daram. Ba ƙusa, ba gaɓa, ba wurin da rairayi zai shiga ya ci. Daga nan sai hannun baduku, shi ne mai ɗinka kube da fatar akuya wadda aka jeme da bagaruwa, ya rina ta ja da karan dafi. Sau da yawa kuben ya kan mutu sau biyu ko uku wuƙar tana nan.

Abin da ya sāke ƙwarai cikin tarihin wuƙar nan shi ne ƙarfenta. A da, daga tama a ke samunsa. Masu narka tama su kan gina rahoniya ta yumɓu, su cika da tama da gawayi, su kwana suna ba ta wuta, su fid da dunƙulen ƙarfe su sayar wa maƙera. Sana'a ce tsohuwa ƙwarai a ƙasar Hausa, gama an tono wurin narkar tama a gindin Dala wanda masana suka ce ya kai ƙarni na bakwai. Ƙarfen tama ya kan yi taushi. Wuƙarsa ba ta riƙe kaifi da daɗewa, kullum sai an koma ga dutsen washi, amma ta kan lanƙwashe ne, ba ta karyewa, mai ita ya miƙe ta da dutse ya ci gaba da tafiya.

Sarki Ahmadu ya bi Turawa a 1903. Tsakanin 1906 da 1908 aka shata iyaka tsakanin Ingilishi da Faransawa, Tumbi ta faɗa wancan gefe. Hari ya mutu, wuƙar hannu ta fara zama ta ado da ta matafiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma hanyar ta kai Nguru, ta bi ta Gagarawa. Ƙarfen Turai ya shigo da araha, ga tarkacen reluwe, daga baya ga na mota. Wa zai kwana gaban rahoniya alhali ga ƙarfe a kasuwa? Cikin 'yan shekaru narkar tama ta mutu, har ya zama da wuya a sami wanda ya taɓa ganin yadda a ke yi.

A cikin tarkacen nan maƙera suka gane sifirin na mota, suka fifita shi bisa sauran. Ƙarfe ne mai jin wuta. In an ƙera shi aka tsoma cikin ruwa ko baƙin mai yana ja, ya kan yi taurin da ƙarfen tama bai taɓa yi ba, ya daɗe bai dakushe ba. Sai dai yana da sharaɗi: in taurin ya yi yawa, wuƙar ta kan ɓalle kamar kasko. Gwanin maƙeri shi ne wanda ya san ya sāke ɗumama ta kaɗan bayan tsomawa, yana duban launin ƙarfen, har taurin ya sassauta. A nan ne maƙeri ya ke fin maƙeri, a nan kuma mai saye ya kan ƙwanƙwasa ruwan wuƙa da farce ya saurari ƙararta.

Kantunan Turawa sun kawo wuƙa mai naɗewa, irin Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka. Samari sun so ta, don tana shiga aljihu, ta isa fere rake da yankan goro. Mutanen daji ba su yarda da ita ba. Gaɓarta ta kan saki, jini da rairayi su taru a ciki, wani lokaci ta rufe bisa yatsan mai ita yana tsakiyar fiɗa.

Dajin kansa ya ja baya. Noman gyaɗa ya cinye saura, dokar kare namun daji ta 1963 ta taƙaita farauta, farin 1973 ya kashe itatuwa da dabbobi masu yawa. Barewa ta yi wuyar gani, abin da ya rage wa mafarauta yawanci zomo ne da zabo da gafiya. A birane kuma 'yan daba sun ɓata wa wuƙa suna, har mai tafiya da ita a damtse ya zama abin tuhuma. Duk da haka ran Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, inda shanu da raƙuma ke shigowa daga Nijar, maƙera na shimfiɗa wuƙaƙensu kusa da na kanti masu ƙyalli. Makiyayi ya kan tsuguna ya zaro ɗaya daga kube, ya gwada bakinta a gashin hannunsa, ya girgiza ƙotar ya ji ko tana motsi, kana ya tambayi kuɗi.