Ma'aunin Haɗarin Shanyewar Ɓarin Jiki ga Masu Rikicewar Bugun Zuciya

Idan ɗakunan saman zuciya suka rikice da karkarwa, jini kan daskare a ciki. Gudan jinin na iya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Haɗarin ya ninka na mai lafiya kusan sau biyar.

Likitoci na auna haɗarin da ma'aunin CHA2DS2-VASc na shekarar 2010. Hawan jini, ciwon suga, gazawar zuciya, cutar jijiyoyin jini, shekara 65 zuwa 74, da kasancewa mace, kowanne maki ɗaya ne. Shekara 75 zuwa sama, ko shanyewa a baya, kowanne maki biyu. Namiji mai maki biyu, ko mace mai uku, akan ɗora su kan maganin hana daskarewar jini, kamar warfarin.

Muna kira ga masu unguwanni da jama'ar Yankwashi da su kai duk mai rikitaccen bugun zuciya Babban Asibitin Kazaure domin gwaji.