Tsakanin Uba da Ƙofar Makaranta

A birnin Landan akwai wani kamfani mai suna Gabbitas, wanda aka kafa a 1873. Daga cikin ayyukansa har yau akwai zama da iyaye, a ji halin ɗansu da abin da aljihunsu zai iya ɗauka, sannan a nuna musu makarantar kuɗin da ta dace da shi, a shirya yaron don jarrabawar shiga. Masu irin wannan sana'a yanzu sun buɗe ofisoshi a Abuja da Legas. Mutumin Danko, a ƙasar Zuru, zai iya cewa wannan harkar masu hannu da shuni ce, ba ta shafe shi ba. Amma in aka bi tarihin boko a Arewa, da wuya a sami lokacin da uba ya kai ɗansa ƙofar makaranta ba tare da wani ya tsaya a tsakani ba. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne wanda ɗan tsakanin yake yi wa aiki.

Na farkonsu dai hakimi ne, ko dagaci, wani lokaci da dogari a bayansa. Sa'ad da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, manufar ita ce a horar da 'ya'yan sarakuna da malaman da za su yi aikin En'e. Ba iyaye ne suka zo neman gurbi ba. Razdan ne ke gaya wa sarki yawan yaran da ake so, sarki ya sauke wa hakimai, hakimai su sauke wa dagatai. A ƙasa kuwa, abin ya yi kama da haraji. Tsofaffi a garuruwa da dama sun ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu in an ji masu ɗiban 'yan makaranta sun iso, da yadda mai hali kan kai wa dagaci gaisuwa don a tsallake gidansa. Wasu masu sarauta sukan tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Wato a wancan zamani ana neman ɗan tsakani ne don ya hana a ɗauki yaro, ba don ya samo masa wuri ba.

Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ita ce ta nuna wa mutane abin da ke ƙarshen wannan hanya. Guraben ba su da yawa, kuma daga larduna ake aiko da yara, bisa shaidar malamansu da amincewar hukuma. Ahmadu Bello ya zo daga Sakkwato, jikan gidan Shehu ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo daga Bauci, mahaifinsa kuwa hidima yake yi a gidan hakimi. Su biyun suka riƙe Arewa da Nijeriya. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Barewa. Kafin a kai ga haka, iyaye da yawa sun gane cewa yaron da aka ɗauke musu da kuka shi ne yake dawowa akawu ko malamin makaranta, da albashi a ƙarshen wata. Gaisuwar da ake kaiwa don a cire suna ta fara zama gaisuwar a saka suna.

Ƙasar Zuru ta bi wata hanya dabam, kuma a nan ne labarin ya fi ɗaukar hankalina. Turawan mulki sun taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Lugga ya yi cewa ba za a taɓa addini ba. Amma yankunan da mafi yawan mutanensu ke bin addinin gargajiya an bar su a buɗe. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, suna cikin waɗannan. A shekarun 1920 mishan ɗin United Missionary Society daga Amurka ya kafa zango a Zuru, shi ne asalin cocin UMCA na yau. Makarantar mishan ba ta gwamnati ba ce, ba kuma dogari ke cika ta ba. Sai an shawo kan uba. Wanda ke wannan aiki shi ne mai wa'azin ƙauye ko malamin aji, sau da yawa ɗan ƙasar ne, yana jin C'lela, ya san gonar kowa.

Abin da yake roƙo ba ƙarami ba ne. A al'adar Lelna saurayi yakan yi shekaru yana golmo, wato noma a gonar surukinsa tare da tsaransa, kafin a ba shi mata. Uban da ya saki ɗansa ya tafi makarantar kwana ya rasa hannu guda a gona, ya kuma jefa maganar auren yaron cikin shakka, ga fargabar zai dawo da wani addini. Malamin mishan ya san duk wannan, domin shi ma daga irin gidan ya fito. Ya san yaron da ke da kai, ya san uwar da za ta yarda kafin uban. Wannan sani na ido da ido shi ne ƙarfinsa. Sai dai albashinsa daga mishan yake fitowa, don haka makaranta ɗaya ce tak zai iya ba da shawara a kai yaro.

Akwai kuma tsohon soja. Zuru ta daɗe tana ba rundunar Nijeriya mazaje, tun zamanin Turawa, har ta fitar da janarori irin su Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Sajan da ya yi ritaya ya dawo gida ya ga bariki, ya ga abin da takarda ke yi wa mutum. Shi ne zai ce wa ƙaninsa ya ba shi yaro ya kai shi Zariya, inda aka kafa makarantar horar da yara aikin soja a 1954. A ganina, cikin duk 'yan tsakanin nan shi ne ya fi kusa da zama na uba, domin jini ɗaya ne, kuma ba ya karɓar la'ada.

Bayan samun 'yanci sai jarrabawa ta karɓi ragamar. An buɗe Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato a 1966, wasu suka biyo baya, ana shiga ta jarrabawar gama-gari tare da kason da aka ware wa kowace jiha. Zuru, wadda ta kasance a lardin Neja, an haɗa ta da jihar Sakkwato a 1976, sannan ta faɗa Kebbi a 1991, kuma kowane sauyi ya sauya waɗanda ɗan Danko ke gogayya da su wajen neman gurbi. Hedimasta ne ya zama mai jagora: shi ke cike takarda, shi ke zaɓen makarantun da za a rubuta, wani lokaci shi ke ƙiyasta wa yaro shekarar haihuwa. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan, aka kuma ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976. Yara suka cika azuzuwa, malamai suka yi ƙaranci, kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, makarantun gwamnati suka fara lalacewa. Daga nan makarantun kuɗi suka yaɗu, na coci, na Islamiyya masu haɗa boko, da na 'yan kasuwa.

Yanzu zaɓi ya yi yawa, sani ya yi ƙaranci. Uba a Danko ko Ribah da ke son kai 'yarsa makarantar kwana a Birnin Kebbi, Kwantagora ko Kaduna ba shi da ofishin da zai je. Yana da ɗan'uwa ma'aikaci, ko fasto, ko limami, ko wani malami da ya san mai makarantar. Da ɗan gari akan ci gari, haka ne. Amma cikin waɗannan akwai wanda makaranta ke ba kamasho a kan kowane yaro da ya kawo, kuma ba lalle ya faɗa ba. Haka abin yake a sama ma: da yawa daga wakilan da ke kai 'ya'yan attajiran Nijeriya makarantun kwana na Ingila, makarantun ne ke biyansu. Uban yana ganin ya sami mai ba shi shawara kyauta, alhali dillalin mai kaya ne ya same shi. Ba na cewa duk dillali maƙaryaci ne. Kasuwar Zuru ba ta ci sai da su. Sai dai a kasuwar shanu kowa ya san wanda ke biyan la'ada.

Tambayar da iyaye ke yi wa ɗan tsakani ita ma ta sauya. Dā akan tambayi sakamakon jarrabawa da kuɗin zango. A ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, wasu 'yan matan suka shafe kusan shekara biyu a daji. A ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta gwamnati da ke Maga, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25, waɗanda daga baya suka dawo. Tun daga nan, kafin uba ya tambayi ko akwai malamin lissafi, sai ya tambayi tsawon katanga, da nisan makarantar daga daji, da wanda ke kwana a bakin ƙofa. Wanda ake nema ya amsa kuwa, a gidaje da yawa na ƙasar Zuru, shi ne dai tsohon sojan nan na dangi.